Tambaya da Amsa: Rainon 'Ya'yan Kifi a Akwatin Gilashi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo daga Maraɗi da kewayenta kusan duk kukansu ɗaya ne: kifi ya haihu a akwatin gilashi, yara sun yi ta murna, kafin sati ya zagayo babu ko ɗaya da ya rage. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigida ya sayo wa yara ƙananan kifayen ado masu wutsiya kala-kala, mai sayarwa ya ce sunansu gupi. Ran nan da safe muka tarar da 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar shinkafa mai ido, mun ƙirga sun fi ashirin. Kafin la'asar saura uku, kuma ba mu ga gawa ko ɗaya ba. Ina suka shiga? Daga wata uwargida, unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba inda suka shiga sai cikin manyan, har da uwar da ta haife su. Gupi ba ya raino. Duk abin da ya motsa a gabansa, in dai zai shiga bakinsa, abinci ne.

Kifin nan asalinsa daga arewacin Kudancin Amurka yake, wajen Benezuwela da tsibirin Tirinidad, kuma yana cikin kifayen da ke haihuwar ɗa kai tsaye, kamar 'yan'uwansa kifayen ado, moli da filati. Cikin yana ɗaukar sati uku zuwa huɗu. Macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta, saboda haka ko kin fitar da mazan yau, za ta sake haihuwa sau biyu ko uku ba tare da su ba. Ke nan nan da wata guda kina da wata damar, sai ki shirya tun yanzu.

Alamar haihuwa ta kusa: baƙin tabon da ke ƙarshen cikinta zai ƙara duhu da faɗi, cikin zai daina zama zagaye ya yi kamar mai kusurwa, ita kuma ta ware kanta a lungu ta rage ci. A lokacin sai ki mai da ita wani mazubi daban. Ba dole sai gilashi ba, sabuwar roba mai cin lita 20 zuwa 25 ta isa. Ki cika ta da ruwan akwatin da take ciki, kada ki zuba yashi ko tsakuwa a ƙasa. Da ta gama haihuwa, abin da ba ya wuce 'yan sa'o'i, ki mai da ita wajen 'yan'uwanta, ki bar 'ya'yan su kaɗai.

In ba ki son wannan ɗawainiya, ki ba su maɓoya. Kainuwa ta fi komai dacewa: saiwarta tana sauka kamar gezar masara, 'ya'yan suna shigewa ciki, kuma suna tsintar ƙananan halittun da ke maƙale a jikinta. Amma kainuwar tafki ba ta zuwa ita kaɗai, takan zo da ƙwarin ruwa masu farautar 'ya'yan kifi. Ki wanke ta, ki ajiye ta a wata roba sati biyu kina dubawa kafin ta shiga akwati. Da wannan hanya ba duka za su tsira ba, amma za ki samu rabonki.

Wasu kan ɗinka ɗan keji na raga su rataya cikin akwatin. Dabarar tana yi, sai dai a nan ake tafka babban kuskure: a yanki tsohon sange, wato gidan sauro, a ɗinka da shi. Gidan sauron da ake rabawa yana ɗauke da maganin ƙwari a zarensa, kuma maganin nan guba ne ga kifi ko da ɗan kaɗan ya narke a ruwa. Wanki ba ya fitar da shi duka. Ki nemi ragar da ba ta taɓa ganin magani ba.

'Ya'yan za su iya komawa cikin manya idan sun fi ƙarfin bakin babban kifin da ke akwatin, wato bayan sati huɗu zuwa shida. Daga sati na huɗu ana fara gane mace da namiji. In ba ki raba su ba, kafin wata uku su ma sun fara haihuwa, akwatin ya cika maƙil. Rarar kuma a ba maƙwabta, kada a zuba su a gulbi ko tafki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Jan kifin adona, wanda ake kira golfish, ya yi ƙwai, na kwashe ƙwan zuwa wata roba suka ƙyanƙyashe da yawa. Wani ya ce in ba su gwaiduwar dafaffen ƙwai. Tun ranar farko na murmushe musu rabin gwaiduwa. Washegari ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, yana wari, kusan duka sun mutu. Gwaiduwar ce ba ta dace ba? Daga wani ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

AMSA: Ƙanena, gwaiduwa abinci ce mai kyau. Laifin yana ga lokaci da kuma yawa.

Ɗan kifin da ya fito daga ƙwai yana fitowa da guzurinsa, 'yar jakar gwaiduwa a ƙarƙashin ciki. Kwana biyu zuwa uku na farko za ka gan su maƙale a jikin roba kamar gashin gira, ba sa yawo, ba sa cin komai. Duk abin da ka zuba a wannan lokaci ruɓewa kawai zai yi. Sai ranar da ka ga sun saki bango suna iyo a tsakiyar ruwa za ka fara ciyarwa. Ɗan gupi ya bambanta, shi da bakinsa a buɗe yake zuwa duniya, yana ci tun ranar farko.

Rabin gwaiduwa kuwa ya ishi 'ya'yan kifi dubbai. Ga ɗari ɗaya, gutsure kamar ƙwayar gero biyu ya wadatar a ci ɗaya. Ka sa a tsumma mai tsabta, ka tsoma a ƙaramin kofi na ruwa ka matse har ruwan ya yi gajimare, sannan ka ɗiga da sirinji ɗigo-ɗigo a inda suka taru. Farin da ka gani ƙwayoyin bakteriya ne da suka samu garaɓasa suka hayayyafa dare ɗaya, suka shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Ruɓaɓɓen abincin kuma ya saki amoniya, wadda ke ƙona wurin numfashin kifi. Ruwa ba ya tsami banza. A irin wasiƙun da muke samu, 'ya'yan kifin da ƙoshi ya kashe sun fi waɗanda yunwa ta kashe nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi gwaiduwa aminci a satin farko shi ne ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai, kuma a gida ake noma su. Ka sami kwalba mai faɗin baki, ka cika ta da ruwan tsohon akwati, ka jefa ganyen salati ɗaya da ka zuba wa tafasasshen ruwa ya yi laushi. Ka rufe bakin da tsumma don kada sauro ya yi ƙwai, ka ajiye inda haske yake amma rana ba ta dukansa. Kwana biyu ko uku ruwan zai yi dishi-dishi, daga nan ya fara washewa. Washewar ita ce alamar an samu: haska tocila ta gefe da dare, za ka ga kamar ƙura tana yawo da kanta. Ka zuƙi mililita 5 zuwa 10 ka ba su, sau uku ko huɗu a yini. Kwalbar da ta yi baƙi tana warin kwata ta lalace, a zubar. Tunda abin yana cin kusan sati, ranar da ka ga ƙwai ranar za ka haɗa kwalbar, ba ranar da suka fara neman abinci ba.

Bayan kwana huɗu ko biyar suna ci, bakinsu ya isa artemiya, kuma a ganinmu babu abincin da ya kama ƙafarta wajen saurin girma. Wani ɗan ƙaramin jatan lande ne na ruwan gishiri, ana sayar da ƙwansa busasshe kamar garin kofi, mafi shahara daga Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka yake zuwa. Ka tambaya wajen masu sayar da kayan ƙyanƙyasar tarwaɗa. Ka yanke gindin robar ruwan sha ta lita 1.5, ka kifa ta murfi a ƙasa. Ka zuba ruwa lita ɗaya da gishiri giram 25 zuwa 30, kimanin cokalin cin abinci ɗaya da rabi a shafe. Ka zuba ƙwan kashi ɗaya cikin huɗu na cokalin shayi, ka tura siririn tiyon famfon iska, wato ɗan injin da ke hura iska a akwatin kifi, har ƙasa don ƙwan ya yi ta juyawa kada ya kwanta. A zafin digiri 27 ko 28 suna fashewa cikin awa 24, da sanyi kuma sukan kai awa 36. Sai ka cire iskar, ka jingina tocila a wuyan robar, ka jira minti biyar zuwa goma. Ɓawon zai taso sama, 'ya'yan kuma su taru wajen hasken kamar jan gari mai motsi. Ka zuƙo su, ka tace a hankici, ka ɗauraye da ruwa marar gishiri, ka ba kifi. Ɓawon kada ya shiga, yana toshe musu hanji. A ba da su a ranar da suka fashe, don amfaninsu yana raguwa da kowace awa, kuma a ruwan daɗi ba sa wuce 'yan sa'o'i da rai. Ragowar busasshen ƙwan a ɗaure shi tam a sa a firiji. In ya daɗe a buɗe cikin zafin Maraɗi, da yawansa ba zai fashe ba.

Wanda bai samu artemiya ba, ya niƙa abincin kifi na kanti tsakanin cokali biyu har ya zama kamar hoda, ya tsoma bakin tsinken sakace a ruwa, ya dangwali garin, ya taɓa saman ruwa. Abin da ya maƙale a tsinken shi ne ci ɗaya.

Cikinsu ƙarami ne, saboda haka kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar. Mafi sauƙin tunawa shi ne a bi lokutan yini: bayan gari ya waye, da hantsi, bayan azahar, bayan la'asar, sai na ƙarshe kafin magariba. Da dare a ƙyale su. Ma'auninka shi ne cikinsu: ɗan kifi jikinsa garai yake, minti goma bayan ci za ka ga cikin ya yi tulu, in artemiya ce ya yi ja kamar lemo. Ciki ya cika kuma ƙasan roba fes, ka daidaita. Ka ga gari kwance a ƙasa, ka wuce gona da iri.

TAMBAYA: Salam. Ni mutum ne mai son tsabta. Duk Juma'a nakan kwashe kifin, in zubar da ruwan duka, in wanke akwatin da sabulu, har da soson injin tace ruwa, in cika da sabon ruwan famfo. Manyan suna jurewa, amma 'ya'yan kullum mutuwa suke yi bayan wankin. Wasu kuma ina samunsu cikin injin tace ruwa. Daga wani malamin makaranta, Tibiri.

AMSA: Malam, garin gyaran gira kake rasa ido. Wannan dattin mai ruwan ƙasa da kake wankewa daga soso shi ne ran akwatin. A cikinsa wasu bakteriya masu amfani suke zaune, suna mai da amoniyar kashin kifi zuwa nitirit, wasu kuma su mai da nitirit zuwa nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Kafin su kafu a sabon soso sai an yi sati huɗu zuwa shida. Kai kuma duk sati kana hallaka su da sabulu da kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ke nan akwatinka bai taɓa wuce satinsa na farko ba. Ga shi canjin ruwa gaba ɗaya yana sauya zafi farat ɗaya, abin da babban kifi kan daure, ɗan kwana biyar kuwa ba zai iya ba.

Sabulu da omo kada su sake kusantar kayan kifi. Ka ware bokiti ɗaya da jarka ɗaya waɗanda ba a wanki ko ɗiban wani abu da su. Soso in ya toshe, ka matse shi sau biyu ko uku cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin, ka mai da shi yana nan da launinsa.

Ga 'ya'yan kifi, canjin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kullum ya fi babban canji sau ɗaya a sati. A robar lita 20, lita biyu ko uku ke nan. Ka zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyon iska zuwa cikin farin bokiti, farin don ka ga duk ɗan da ya biyo ruwa ka mai da shi da cokali. Ruwan da za ka mayar ya kwana a buɗe awa 24, in da iska tana kaɗa shi ya fi, don kulorin ya fice, kuma ya kwana a ɗaki ɗaya da akwatin don zafinsu ya zo ɗaya. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulorin, amma sukan fito da ƙarancin iska, su ma a bar su su kwana. Wajen mayarwa kada a kwarara. Sabuwar robar ƙarin ruwa ta farmasi tana yin aikin nan da kyau: ka ɗora jarka a kan kujera sama da akwatin, ka murza ɗan tayan ya riƙa ɗiga, a hankali zai gama ba tare da ya firgita kowa ba.

Injin da ke zuƙe su kuwa, ka ɗaure bakinsa da guntun soso ko safa mai laushi. Mafi kyau a ɗakin raino shi ne matacin soso wanda famfon iska ke tafiyar da shi, a rage ƙarfinsa har kumfar ta riƙa fita a hankali. In kana shirin karɓar haihuwa, ka sa soson a babban akwati wata guda kafin lokaci, ya zo da bakteriyarsa. Kuma kada cunkoso ya wuce ɗa ɗaya a kowace lita a watan farko.

TAMBAYA: Da bazarar nan ɗakina na kwano ne, ga yawan ɗaukewar kuran. Da rana sai in ga 'ya'yan kifin duk sun taso sama suna haki. Me zan yi? Daga wani tela, Sabon Gari.

AMSA: Maigida, numfashi ne ya gagare su. Ruwa yana ƙara zafi yana rage riƙe oksijin: a digiri 25 lita ɗaya tana riƙe miligiram 8 da 'yan kai, a digiri 35 da ƙyar ta kai 7, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙata, kuma amoniya ta fi dafi. 'Ya'yan gupi da moli sun fi jin daɗi a 25 zuwa 28. Daga 32 zuwa sama an shiga haɗari. A Afrilu da Mayu, da zafin garin nan kan haura 40, ƙaramar roba a ƙarƙashin kwano tana kaiwa can tun kafin azahar. Ka sayi ma'aunin zafi, hannu ba ya faɗin gaskiya.

Ka sauke akwatin ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon yamma. Ka cire murfi ka sa raga. Mazubi mai faɗi marar zurfi ya fi dogo mai ƙaramin baki, don ta sama iska ke shiga. Fanka tana busa saman ruwa takan sauke digiri biyu ko uku a busasshiyar iskarmu, sai dai ruwan zai riƙa ƙafewa, a riƙa cikawa da wanda ya kwana. In babu wuta, ka naɗe jikin akwatin da jiƙaƙƙen buhun algarara, dabarar da ke sanyaya ruwan randa ke nan. Ƙanƙara kada ka jefa ta tsirara, ka sa robar ruwa daskararriya ta yi yawo a sama, kana duba ma'auni kada ya faɗi fiye da digiri ɗaya ko biyu a awa.

Akwai ƙananan famfunan iska masu aiki da batir ko da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, wuta kaɗan suke ci, ɗaya ya ishi robar raino. In babu, ka ɗebi ruwan da kofi ka zuba daga tsayin taki ɗaya a gefen da ba su taru ba, sau goma, duk bayan minti ashirin. Muddin famfon iska a tsaye yake, kada ka ba su abinci. Yinin yunwa ɗaya ba ya kashe su.

Da hunturu lamarin juyewa yake yi. Daren Disamba da Janairu kan sanyaya ƙaramar roba ƙasa da digiri 20, su daina ci, farin ɗigo-ɗigo ya fito musu a jiki. Na'urar ɗumama ruwa mai wat 50 ta ishi lita 25 zuwa 40. Wanda ba shi da ita ya lulluɓe akwatin da bargo tun magariba.

TAMBAYA: Wani masunci a Madarumfa ya ba ni karfasa guda huɗu na sa a babban akwati. Kwana biyar ke nan ɗaya ta daina ci, maƙogwaronta ya kumbura, tana ta motsa baki kamar mai tauna. Ciwo ne? Daga wani matashi, Ali Ɗan Tsoho.

AMSA: Ba ciwo ba ne, ɗan'uwa, goyo take yi. Karfasa irin ta Nilu a baki take renon ƙwanta, taunar da kake gani juya ƙwan take yi don ruwa ya ratsa su. Takan yi kwana goma zuwa sati biyu ba ta ci ba, sannan ta saki 'ya'yan, kuma na wasu kwanaki da ta ji motsi za su ruga su koma bakinta. Kada ka bi ta da raga, in ta firgita takan tofar da ƙwan ko ta haɗiye. Sauran ukun za ka fitar, ka bar mata akwatin. Idan ka ga ta daina karɓar 'ya'yan, ita ma ka ɗauke ta ka ciyar da ita sosai. 'Ya'yan karfasa suna fitowa da girmansu, garin abincin kifi ya ishe su tun farko. Sai ka tanadi kwandon siminti ko babban tanki, don karfasa ba ta daɗewa ta fi ƙarfin gilashin ɗaki.

Mai tambaya daga Tasawa da 'ya'yan tarwaɗarsa ke raguwa ba gawa: cin junansu suke yi. Duba da kyau za ka ga 'yan ƙalilan sun ninka sauran girma, su ne ɓarayin. Ka tsame su duk sati ka ware, ka rufe mazubin ya yi duhu, kada kuma ka bari tazarar ci ta yi tsawo.

TAMBAYA: Da dare lafiya lau na bar su, da safe duka sun mutu, manya da ƙanana. Abin da na sani kawai shi ne mun fesa maganin sauro muka rufe ɗakin. Daga wata ɗaliba, Ɗan Gulbi.

AMSA: 'Yata, kin riga kin gano shi. Maganin feshi da na kunnawa duk suna sauka a kan ruwa, famfon iska kuma yana zuƙo iskar ɗakin ya tura ta har ƙasan akwati. Mutuwar dare ɗaya da ta haɗa babba da yaro kusan kullum guba ce, cuta ba ta sauri haka. Ki zubar da ruwan, soson da tsakuwar ki yar da su, gilashin ki ɗauraye shi da ruwa zalla sau da yawa ki shanya a rana. Nan gaba kifi ya zauna a ɗakin da ba a feshi. In ya zama dole a fesa, a kashe famfon iska, a rufe akwatin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul a kai, kada a buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita sarai. Hannun da ya taɓa maganin, ko man shafawa, ko turare, a wanke shi da ruwa sosai ya bushe kafin ya shiga akwati.